Yadda ake gane pil mai sauran rai da wanda ya mutu

Wani magidanci daga Tawa ya aiko da wannan tambaya: "Ina da gwangwanin madara cike da pil, manya da ƙanana, na rediyo da na tocila da na telekomand, sababbi da tsofaffi duk sun cakuɗe. Yara sun ce a saki pil a kan siminti, in ya yi tsalle to ya mutu. Wani ya ce a ɗanɗana da harshe, wani kuma ya ce a shanya shi a rana zai farfaɗo. Wanne ne gaskiya? Ta yaya zan tantance ba tare da na zubar da mai kyau ba?"

Malam, pil kamar jaki yake. In yana tsaye a inuwa babu kaya, lafiyayye da gajiyayye duk kamarsu ɗaya. Sai an ɗora buhu ake sanin wanda zai kai kasuwa. Pil ɗin da ya kusan ƙarewa yana iya nuna ƙarfi mai kyau muddin ba abin da ke jan wuta daga gare shi, amma da zarar an sa shi aiki sai ya durƙushe. Saboda haka duk gwajin da aka yi wa pil yana zaune kawai, rabin labari yake bayarwa. Gwajin da za a dogara da shi shi ne wanda aka yi lokacin da pil ke ɗauke da kaya.

Kafin a zo nan, juye gwangwanin a kan tabarma ka raba su, don ba iri ɗaya ba ne, kuma lambar da ke nufin "lafiya" ga wannan tana iya nufin "ya mutu" ga wancan. Duba ƙananan haruffan da ke jikin kowane. Wanda aka rubuta wa R kaɗai kafin lamba (R20 shi ne babba na rediyo da babbar tocila, R14 matsakaici, R6 shi ne AA, R03 shi ne siririn AAA) shi ne pil na gargajiya, na tutiya da gawayi, wanda a Faransanci ake rubuta masa "saline". Asalinsa ƙirar wani Bafaranshe ne, Georges Leclanché, tun 1866, kuma har gobe shi ya fi yawa a teburan ƴan tireda. Wanda aka sa wa L a gaba, wato LR20, LR6, LR03, shi ne alkalin. Wanda ke da HR6 ko HR03, ko aka rubuta NiMH da 1.2V, na caji ne. Ƴan faifan nan masu kama da kwabo, irin CR2032, litiyom ne mai bolt 3. Sai kuma 18650, wanda ya fi AA tsawo da kauri, ana samun sa a tocilar caji da fanka ƴar ƙarama. Shi ma litiyom ne amma na caji, bolt 3.7. Kada manyan kalmomin da ke jikin kwali su ruɗe ka: in ka ga "Heavy Duty" ko "Super Heavy Duty" kuma lambar R6 ce ba LR6 ba, to na tutiya ne da aka ɗan inganta, ba alkalin ba. Ko hannu ma na iya faɗa maka: AA na alkalin yana kai giram 23, na tutiya bai cika wuce 18 ba.

Tun a wannan rabon wasu za su fita da kansu. Duk wanda ya kumbura, ko ya yi tsatsa a gindi, ko farin gari ya fito masa kamar gishiri, ko jikinsa ya yi danshi, ko ya yi laushi in an matsa, ajiye shi gefe, ba ya bukatar awo. Laushin nan a pil na tutiya yana da dalili: gwangwanin tutiyar da kansa shi ne abincin da pil ke ci yana ba da wuta, don haka kullum ƙara sirancewa yake har ya huje. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. R20 mai araha da aka manta cikin rediyo wata shida, sai dai a yi wa rediyon jaje. Duba kuma kwanan watan da aka buga a gindi ko a gefe. Na tutiya shekara biyu zuwa uku yake jurewa a ajiye, alkalin biyar zuwa goma, kuma wannan lissafi ne na ɗaki mai sanyin digiri 20 ko 21, ba na Tawa a watan Afrilu ba.

Yanzu awo. Abin da ake bukata shi ne miltimita, ƴar na'urar nan mai wayoyi biyu, ja da baƙa, da ke kan teburin kowane mai gyaran rediyo da salula. Mafi arahar ta ma ta isa wannan aiki. Baƙar waya tana shiga ramin da aka rubuta COM, ja kuma ramin da ke da alamar V. Juya makunnin zuwa ɓangaren V mai miƙaƙƙen layi da ɗigo-ɗigo a ƙarƙashi, ko inda aka rubuta DCV, ka tsaya a kan 20. Ba ɓangaren V mai layi kamar maciji ba, wannan na wutar kuran ce. Ɗora bakin jar waya a kan ƙusumbin pil, inda alamar + take, baƙar kuma a gindi. In ka juya su ba abin da zai lalace, ɗan layi ne kawai zai fito gaban lambar.

Sabon alkalin yana nuna 1.55 zuwa 1.6. In ka ga 1.5, kusan cike yake. A 1.4 an riga an ci wani kaso mai yawa, a 1.3 an ci rabi ko fiye, ƙasa da 1.2 kuwa sai a yi sallama da shi. Mutane da yawa suna ganin 1.3 su ce ai ɗan kaɗan ya ragu daga 1.5. A'a. Pil ba ya sauka zuwa sifiri kamar randar ruwa. Duk rayuwarsa tsakanin 1.6 da kamar 1.0 take, don haka sauka daga 1.6 zuwa 1.3 rabin hanya ne ko fiye.

Amma wannan duk jaki ne a inuwa. Miltimita kusan ba ta jan komi daga pil, shi ya sa take iya nuna 1.45 ga pil ɗin da ba zai kunna tocila minti biyu ba. Abin da ke faruwa shi ne, yayin da pil ke tsufa, hanyar da wuta ke bi a cikinsa tana ƙara toshewa: ruwan ciki yana bushewa, tutiyar tana rufuwa da wani ɓawo. Masana suna kiran wannan turjiyar ciki. Kamar rijiya ce da idonta ya cushe: in ka leƙa da safe ruwa na nan a samansa, amma guga biyar za ka ja ka taras da laka.

Maganin wannan ƴar aba ce da ake kira rezistans, mai rage gudun wuta, wadda kowane mai gyara ke da ita a farantan cikin tsofaffin rediyo. Nemi mai om 10 (om shi ne ma'aunin turjiya), mai ɗaukar rabin wat. Zanen jikinta ruwan ƙasa, baƙi, baƙi, sannan zinariya. Naɗe ƙafarta ɗaya a bakin jar waya, ɗayar a bakin baƙar, ta zama gada tsakaninsu. Yanzu in ka ɗora wayoyin a kan pil, rezistans ɗin na jan kimanin miliampa 150 (miliampa ma'aunin yawan wutar da ake ja ne), daidai da abin da ƙaramar tocila ko rediyo da aka ɗaga wa murya ke ja. Riƙe na daƙiƙa biyar zuwa goma kana kallon lambar. Abu biyu kake dubawa: inda ta tsaya, da ko tana tsayawa ma. Sabon alkalin da ya nuna 1.58 babu kaya zai sauka kamar 1.54 ya tsaya cak. Gajiyayye da ya nuna 1.45 yana iya faɗowa 1.10, kuma kana kallo lambar na ci gaba da zamewa, 1.08, 1.05. In kana son lissafi, na farko ya yi asarar 0.04 kawai, turjiyar cikinsa kusan rubu'in om ke nan. Na biyu ya yi asarar 0.35, turjiyarsa ta haura om 3, fiye da ninki goma. Ga hukunci a aikace: sama da 1.3 da kaya a kai, mai kyau ne, ya shiga duk inda ake so, tsakanin 1.1 da 1.3, ya rage na ƙananan ayyuka. Ƙasa da 1.1, ya gama. Sabon pil na tutiya yakan ɗan fi alkalin sauka ko da lafiyarsa lau, kada ka yi masa hukunci da tsanani in ya tsaya wajen 1.45.

Babban R20 om 10 ba ta isa ta gajiyar da shi ba. Haɗa guda biyu kafaɗa da kafaɗa, ƙafa da ƙafa, su zama om 5, su ja miliampa 300. Na bolt 9 mai kusurwa huɗu kuwa om 10 ta yi masa nauyi ƙwarai, za ta yi zafi. Shi om 470 ake sa masa (rawaya, shunayya, ruwan ƙasa). Sabo yana nuna 9.4 zuwa 9.6, kuma in ya sauka ƙasa da 7.5 da kaya a kai, canza shi. Wasu miltimita suna da wuri na musamman da aka rubuta 1.5V da 9V da hoton pil; in taka na da shi, rezistans ɗin na ciki, ba sai ka nema ba. Haka ma ƴan magwajin pil masu allura da launin kore da ja, su ma da kaya suke aunawa, shi ya sa sau da yawa suka fi miltimita tsirara faɗin gaskiya duk da rashin tsadarsu.

Kurakurai uku ne ke ɓata wannan awo. Na farko, pil ɗin cikin miltimitar kanta, wanda yawanci na bolt 9 ne. In ya yi rauni, na'urar kan fara ƙara gishiri, ta nuna 1.7 ko 1.8 ga pil na kullum. In ka ga hoton batir a fuskarta ko lambobi sun yi yawa ba dalili, fara da canza nata. (AA guda ɗaya ne ke nuna 1.8 da gaskiya, na litiyom da aka rubuta wa FR6, kuma ba kasafai ake cin karo da shi ba.) Na biyu, dauɗa ko tsatsa a bakin pil, goge da tsumma busasshe ka danna wayoyin sosai. Na uku shi ne mai haɗari: barin jar waya a ramin da aka rubuta 10A. A wannan ramin na'urar hanya ce a buɗe, ɗora ta a kan pil daidai yake da haɗa kai da gindi da guntun ƙarfe. Wasu masu gyara suna yin haka da gangan na ƙiftawar ido, don su ga ampa nawa pil zai tofar. A kan AA na tutiya ko alkalin yana ba da amsa, amma yana cin ran pil ɗin, kuma ranar da hannu ya saba ya kai kan 18650 ko batirin babur, wayoyi za su narke, don ramin nan a na'urori masu araha ba shi da fis ɗin da zai yanke wutar. Ban ga dalilin koyon wannan ɗabi'a ba alhali rezistans na nan.

To in babu miltimita fa? Ɗan ƙwan tocila na da, mai zare a ciki, ya fi kowace dabara. Manna gindinsa a kan ƙusumbin pil, ka ja guntuwar waya daga gindin pil zuwa gefen ƙwan. Ƙwan shi ne kaya, idonka shi ne ma'auni. Fara da pil ɗin da ka tabbata sabo ne don ka san yadda haske ya kamata ya kasance, sannan ka bi sauran ɗaya bayan ɗaya kana ƙirga goma. Wanda haskensa ya fara da kyau ya koma ja-ja yana dushewa, shi ne mai yaudarar nan. Farin ƙwan LED na tocilar zamani ba zai yi wannan aiki ba, don yana bukatar kusan bolt 3 kafin ya kama, pil ɗaya ba zai kunna shi ba ko sabo ne dal.

Akwai kuma hanyar musanya. Ɗauki tocila mai cin pil biyu, sa sababbi biyu ka ga haskenta, sannan ka cire ɗaya ka riƙa sa waɗanda ake tuhuma a gurbinsa. Kada dai ka bar su haka bayan gwaji, zan faɗi dalili. Telekomand kuwa, kyamarar salula ce ke tona asirinsa: nuna bakinsa ga kyamarar ka danna maɓalli, za ka ga ɗan haske fari ko shunayya yana ƙyaftawa a fuskar wayar, hasken da ido ba ya gani. In haske na nan da ƙarfi amma talabijin ba ta amsawa, matsalar ba ta pil ba ce. Wasu wayoyin suna tace wannan haske a kyamarar baya, sai a gwada ta gaba.

Maganar yara ta sakin pil a kan siminti ba tatsuniya ba ce, amma sun wuce gona da iri a fassararta. A cikin sabon alkalin tutiyar gari ce da aka dama kamar kunu mai kauri, shi ya sa in ya faɗi sai ya yi "dif" ya kwanta. Yayin da ake amfani da shi, garin na komawa wani abu mai tauri da ke haɗa ƙwayoyin da juna, sai pil ya fara tsalle. Masu bincike a Jami'ar Princeton ta Amurka sun auna wannan suka wallafa a 2015, kuma abin da suka gano shi ne tsallen yana ƙaruwa har zuwa lokacin da pil ya kai wajen rabi, daga nan ba ya ƙaruwa. Ke nan pil mai rabin rai da mataccen ƙarshe tsallensu ɗaya. In bai yi tsalle ba, sabo ne ko kusan haka. In ya yi, abin da ka sani kawai shi ne an taɓa amfani da shi. Wanda ya bi wannan gwaji ya zubar, rabin kuɗinsa yake zubarwa. Kuma alkalin kaɗai abin ya shafa, ba ruwansa da R6 da R20 na tutiya, ba ruwansa da na caji. In za a yi, daga tsawon yatsa ɗaya ya isa, gindi a ƙasa. Na litiyom kada a sake shi ko da wasa.

Harshe kuwa a kan na bolt 9 kaɗai yake jin wani abu, don shi ne bakunansa biyu ke gefe ɗaya. Za ka ji tsami da ɗan cizo, amma harshe bai san bambancin 9 da 7.5 ba, kuma in pil ɗin ya fara yoyo abin da za ka lasa yana ƙona nama. A bar shi.

Shanya a rana ya fi su ban sha'awa, don kowa ya ga ya yi aiki da idonsa: rediyo ya yi shiru da dare, an jera R20 a kan katanga, da yamma ya sake magana. Abu biyu ne suka haɗu. Ɗaya hutu: lokacin aiki, sinadarin da ke inda aka fi cin sa a cikin pil ne ke fara ƙarewa, in aka bar pil ya huta na nesa yana matsowa a hankali. Ɗaya kuma ɗumi, wanda ke sa wannan matsowa ta yi sauri, ya kuma rage turjiyar ciki na ɗan lokaci. Ba abin da rana ta ƙara. Ragowar tukunya ce aka kankare. Ko a inuwa aka ajiye shi kwana ɗaya zai ɗan farfaɗo. Masu dukan pil da dutse ko cizonsa da haƙori su ma abin da suke yi ke nan, suna matse abin ciki ya sake haɗuwa, sai dai suna fasa gwangwanin da dama ya sirance, daga nan yoyo. Jefa shi a ruwan zafi ko kusa da garwashi kuwa neman fashewa ne. Haka nan sa alkalin ko na tutiya a caja: ba a yi su don haka ba, iska ce ke taruwa a ciki har murfin ya buɗe.

Wannan farfaɗowa tana da darasi ga mai awo: pil da aka cire daga tocila yanzu-yanzu zai nuna ƙasa da gaskiyarsa, wanda ya kwana wata a gwangwani zai nuna sama da ita. Rezistans ce ke raba gardamar.

Sau da yawa ma laifin ba na pil ba ne. Ka lura in telekomand ya ƙi, aka buɗe aka murza pil ɗin da yatsa sai ya kama? Ba caji aka yi masa ba, dauɗar da ke tsakanin bakinsa da ƙarfe aka kankare. Ƙurar hunturu, gumin hannu da tsohon yoyo duk suna taruwa a kan ƴar lanƙwasasshiyar wayar da ke tokare gindin pil. In farin ɓawo ne na alkalin, ɗiga ruwan lemun tsami ko binegar a auduga ka shafa, zai yi kumfa ya narke, sai ka bi da tsohon buroshin haƙori, ka goge, ka bar shi ya bushe sarai. In yoyon na tutiya ne, mai danshi da tsatsa, shi mai tsami ne da kansa, don haka bikarbonat da aka dama da ɗan ruwa ake sa masa. Kada ka taɓa ido kafin ka wanke hannu. In wayar ta saki, ɗan ja ta ta miƙe.

Dalilin hana haɗa sabo da tsoho shi ne, a cikin tocila ko rediyo pil suna jere ne kai da gindi, wuta ɗaya ke ratsa su duka. In tsohon ya ƙare, sababbin ba sa tsayawa, suna ci gaba da tura wuta ta cikinsa ta baya, kuma wannan ne ke sa shi yin iska ya yi yoyo. Ka ga an yi asara biyu: haske bai wuce ƙarfin mafi rauni ba, ga na'ura ta lalace. Haka ma haɗa alkalin da na tutiya. Bayan awo, haɗa masu lamba kusa da juna su yi aiki tare, ka rubuta lambar a jikinsu da biro a kan ɗan sikoc. Masu tsaka-tsakin nan na 1.1 zuwa 1.3 kada a zubar: agogon bango da telekomand kaɗan suke ci, alkalin da tocila ta ƙi yana iya juya agogo watanni. Sai dai a riƙa leƙawa, don tsohon pil shi ya fi saurin yoyo. Na'urar awon hawan jini da ta awon sukari kuwa ba a yi musu rowa, sababbi ake sa musu.

Na caji lissafinsu daban ne. NiMH da ya nuna 1.25 lafiyarsa lau, alhali alkalin mai wannan lamba ya kusan tafiya. Yana fitowa daga caja da kimanin 1.4, ya sauka wajen 1.2 ya daɗe a nan kusan duk aikinsa, sannan ya faɗi 1.0 farat ɗaya. Saboda haka awo ba ya gaya maka ko saura rabi ko rubu'i. Irin na da suna zubar da cajinsu da kansu cikin ƴan watanni ko ba a taɓa su ba, musamman a zafi, don haka wanda ka tsinta a gwangwani yana nuna 1.0 ba lalle ya mutu ba, yi masa caji tukuna. Ɗan faifan CR2032 shi ma haka yake da taurin kai: sabo 3.2 ko 3.3, sannan ya zauna wajen 3.0 har kusan ƙarshe. Sa masa rezistans mai om 1000 (ruwan ƙasa, baƙi, ja). Mai kyau zai tsaya kusa da 2.9, matacce zai zube ƙasa da 2.5. Shi 18650 ya fi su faɗin gaskiya: 4.2 cike, 3.7 wajen rabi, 3.0 ya ƙare. Wanda ya daɗe ƙasa da 2.5, ko rigarsa ta leda ta yage, ko yana zafi a caja, kada a sake caja shi, irin su ne ke kama wuta. In ka ga an rubuta masa 9900mAh (mAh shi ne yawan cajin da yake iya riƙewa), ƙarya ce tsagwaronta, na ƙwarai ba su cika wuce 3500 ba, kuma nauyinsu giram 45 ne ko ɗan fiye. Mai sauƙi kamar kara, cikinsa rabi fanko ne.

Ga duk na caji, tambayar da ta fi muhimmanci ba "yana da wuta yanzu?" ba ce, "nawa yake iya riƙewa?" ce, kuma agogo ke amsa ta. Cika shi, kunna tocilar, duba lokaci. Mai 2000mAh a tocila mai jan miliampa 500 ya kamata ya kai awa huɗu. In ya mutu a minti arba'in alhali ya nuna 4.2 da farko, ya tsufa ke nan. Fitilun caji masu ɗan batirin dalma a ciki, mai bolt 4 ko 6, da batirin hasken rana mai bolt 12, su kuma sai an cire su daga caji sun huta awa biyu ko fiye kafin a auna, in ba haka ba lambar za ta fi gaskiya yawa. Mai bolt 12 da ya huta yana nuna 12.6 zuwa 12.8 in ya cika, 12.2 rabi, ƙasa da 12 ya yi nisa. Abin da ke kashe irin wannan shi ne barin sa babu caji kwana da kwanaki, don wani ɓawo ne ke daskarewa a farantan dalmar wanda caja ba ta iya narkarwa daga baya. Fitilar da aka jefa ƙarƙashin gado a mace tun damina, da wuya ta tashi a bazara.

Game da gwangwanin naka kuma, shi kansa matsala ne. Ƙarfe ne, in an zuba pil barkatai tare da makullai da kusoshi da tsabar kuɗi, wani zai haɗa kai da gindi ya tsiyaye a banza, na bolt 9 da na litiyom har zafi suke yi. Koma da su robar da ke da murfi, a jere fuska ɗaya, ko a ɗaure bibbiyu da roba, a manna sikoc a bakin na bolt 9. Zafi ne babban ɓarawo: alkalin a wuri mai sanyi kashi biyu zuwa uku cikin ɗari yake rasawa a shekara, amma duk ƙarin digiri goma yana kusan ninka wannan. A garin da bazara ke haura digiri 40 a inuwa, pil da aka rataye a rumfar kwano ko aka baje a tire cikin rana ya tsufa kafin a saye shi. Sayi daga shago mai inuwa wanda kayansa ke tafiya, kada ka tara na shekara, ka ajiye su ƙasa-ƙasa a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da rufin kwano. Firij ba dole ba ne. In wuta na zuwa tana ɗaukewa, raɓar da ke kwanciya a jikinsu ta fi zafin illa.

Waɗanda suka faɗi gwaji kada su shiga bolar da ake cinna wa wuta, suna fashewa, kuma kada a jefa su kusa da rijiya ko inda awaki ke kiwo. Kada a bar yara su fasa R20 don sandar gawayi ko baƙin garin ciki. Tara su a wata roba daban mai murfi. Batirin dalma kuwa masu sayen tsofaffin batura suna karɓa. Ƴan faifan nan masu kama da kwabo su ne abin tsoro na gaske a gidan da ke da mai rarrafe, ko da sun daina kunna komi: in yaro ya haɗiye ɗaya ya maƙale a maƙogwaro, yana iya ƙona wurin cikin awa biyu. Ba a sa shi amai, ba a jira a ga ko zai fita, asibiti ake nufa nan take, a tafi da kwalin ko wani irinsa don likita ya ga girmansa.